Yadda Ake Auna Tasirin Mai Bincike: Misalin Charles Spence

Ɗalibi mai rubuta kundin digiri yakan yi ta cin karo da suna ɗaya a takarda bayan takarda, har ya fara tambayar kansa ko mai sunan nan ya isa a jingina da shi. A fagen nazarin yadda launi, sauti da ƙamshi ke cuɗanya da ɗanɗano, sunan da za ka yi ta gani shi ne Charles Spence, farfesan nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford ta Ingila. Da shi zan nuna maka hanyar da nake bi.

Da farko ka tabbatar da mutumin. Rubuta sunansa a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka shiga shafinsa mai ɗauke da sunan jami'a. Suna yakan zo ɗaya, don haka duba ko batutuwan takardun sun dace da fagensa.

Na biyu, karanta alƙaluman da ke gefe. Akwai jimillar ambato, wato sau nawa wasu takardu suka kafa hujja da aikinsa. Akwai kuma h-index, ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Lissafinsa ba wuya: wanda ke da 20, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Shafin yana da layi biyu, na duk tsawon aiki da na shekaru biyar da suka wuce. Na biyun ne ke gaya maka ko har yanzu ana damawa da shi. Ka rubuta ranar da ka ɗauki alƙaluman, domin suna canzawa.

Mataki na uku shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci. Ka ware takardun bita daga takardun gwaji. Takardar bita tana tattara abin da wasu suka gano ne, shi ya sa ake yawan ambatonta. Spence yana da irinsu da yawa, kamar wadda ya fitar a 2011 kan yadda ƙwaƙwalwa ke danganta saƙon wata gaɓa da na wata, misali siririyar murya da abu mai haske. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma ba daidai yake da gano sabon abu ba. Haka nan mutum mai yawan rubutu yakan ambaci kansa. Scopus, wani rumbun bayanan takardun bincike, yana ba ka damar cire wannan ka ga abin da ya rage. Kada kuma ka gwada alƙalumansa da na masanin lissafi ko tarihi, kowane fage da yanayin ambatonsa.

Na huɗu, ɗauki gwaji guda ka karanta shi tun daga tushe. Ga wanda Spence ya yi da Massimiliano Zampini a 2004: an zaunar da mutane suna gatsar soyayyen dankalin Pringles a gaban makirfo, ƙarar tana dawo musu ta abin sawa a kunne. Da aka ƙara ƙarfin sautin, sai suka ce dankalin ya fi garas-garas, ya fi zama sabo, alhali duk iri ɗaya ne. A ɓangaren launi kuwa, shi da Betina Piqueras-Fiszman sun samu cewa kayan zaƙi na sitiroberi ya fi zaƙi a bakin mutane a kan farin faranti fiye da baƙi. Tambayi kanka: mutum nawa aka gwada, kuma 'yan ina ne? Sannan a Google Scholar danna "Cited by", wato jerin waɗanda suka ambaci takardar, ka nemi waɗanda suka sake gwajin a wata ƙasa. Wannan yana da muhimmanci a harkar launi, domin abin da ja ke nufi a bakin Bature ba lallai ya zama haka ga wanda ya tashi da zoɓo da manja ba.

Daga ƙarshe, leƙa wajen jami'a. Gwajin dankalin ya samu kyautar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke ba da dariya kuma ya sa tunani, a 2008, littafin Spence mai suna Gastrophysics ya fito a 2017 don gama-garin masu karatu, kuma ya yi aiki da mai dafa abinci Heston Blumenthal na gidan abincin Fat Duck. A can aka riƙa kawo wa baƙo abincin teku tare da iPod, 'yar na'urar sauraron sauti, a cikin ƙwanson katantanwa, yana ci yana sauraron ƙarar igiyar ruwa.