Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Fitowar Waƙa

Mai gabatar da shirin waƙoƙi a gidan rediyo a Gusau, da ɗalibin da aka ba shi aikin rubutu a kan kiɗa, da mai shafin da ke kawo labarin mawaƙa a Facebook, duk sukan ci karo da tambayar yaushe wata waƙa ta fito. Abin da aka saba yi shi ne a duba shekarar da ke ƙarƙashin sunan waƙar a waya a faɗe ta, alhali sau da yawa wannan shekara ta ranar da aka ɗora waƙar a intanet ce, ko ta lokacin da aka gyara sautinta aka sake sayar da ita. Waƙar da ta yi kasuwa ba ta cika zama da kwanan wata ɗaya ba, saboda haka aikin mai bincike shi ne ya jera fitowarta ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙasarta da kamfaninta da irin faifan da ta fito a kai.

Zan bi hanyar da waƙar "West End Girls" ta Pet Shop Boys, wato Neil Tennant da Chris Lowe, mutum biyu 'yan Ingila masu kiɗan na'ura, dangin abin da situdiyoyinmu ke haɗawa da fiyano. Na zaɓe ta ne domin kusan duk ramin da mai bincike zai iya faɗawa yana cikin tarihinta.

Kafin a nemi kowane kwanan wata, a fara tabbatar da sau nawa aka ɗauki waƙar a situdiyo, domin ɗauka daban, fitarwa daban. Tennant yana aikin jarida ne a mujallar Smash Hits lokacin da aka tura shi New York a 1983, a can ya haɗu da furodusa Bobby Orlando, wanda ya ɗauki waƙar a karon farko. Wannan ɗauka ta fito a watan Afrilu 1984 a ƙarƙashin Bobcat Records, ta sami karɓuwa a gidajen rawa na Los Angeles da San Francisco, ta ɗan taɓa kasuwa a Beljiyam da Faransa, amma ba ta yi wani tasiri a Ingila ba. Da suka rabu da Orlando suka koma kamfanin Parlophone a 1985, sai suka sake ɗaukar waƙar daga tushe tare da wani furodusa, Stephen Hague, aka fitar da ita ranar 28 ga Oktoba 1985. Ita ce ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a Janairu 1986, kuma ita ce yawancin mutane suka sani. Wanda ya ce waƙar ta fito a 1984 bai yi ƙarya ba, wanda ya ce 1985 ma bai yi ƙarya ba, sai dai mai rediyon da ya sa ta Hague ya ce wa masu sauraro ta 1984 ce ya faɗa musu abin da ba haka yake ba.

Hanyar rarrabe ɗauka biyu ita ce a saurare su a jere, da abin sauraro a kunne, ana rubuta abin da ya bambanta. Ta 1985 tana buɗewa da hayaniyar titi da takun masu wucewa kafin kiɗa ya shigo, akwai kuma muryar mace, Helena Springs, tana yi musu amshi, sannan an rage wasu baitocin da ke cikin ta 1984. Irin waɗannan alamomi su ne shaidar da ba ta gushewa ko da an kwafi waƙar sau ɗari daga memori zuwa memori, an kuma sauya mata suna a hanya, kamar yadda masu tura waƙa a kasuwa suke yi.

Daga nan sai a koma kan faifan kansa. Ba lallai ne a riƙe shi a hannu ba, tunda shafin Discogs yana ɗauke da hotunan gaba da bayan faifai masu yawan gaske, tare da takardar da ake mannawa a tsakiyarsu. A wannan takarda za a nemi sunan kamfani, da lambar da kamfanin ya ba faifan, da sunan furodusa, da kuma shekarar da ke biye da harafin P a cikin da'ira. Wannan alama tana nuna shekarar da aka fara fitar da sautin da ke ciki, ita kuwa C a cikin da'ira galibi ta shafi bango da zane da rubutu ne, shi ya sa za a iya ganin faifai ɗaya da shekaru biyu mabambanta ba tare da wani kuskure ba. A duba har waƙar da ke bayan faifan, domin tana raba gardama: fitowar Parlophone ta 1985 tana ɗauke da "A Man Could Get Arrested" a bayanta, wadda babu ita a faifan 1984. A kuma lura da girman faifan, ko ƙarami ne mai inci 7 da ake yi domin rediyo da shaguna, ko babba mai inci 12 da ake tsawaita kiɗansa domin gidajen rawa. Kowannensu layi ne mai zaman kansa a cikin tarihin.

Sai dai a tuna cewa masu sha'awa ne suke cika Discogs da makamancinsa, shafin MusicBrainz, da hannunsu. Hoton faifan hujja ne, amma kwanan watan da wani ya buga a gefensa magana ce kawai har sai an gwada ta da wata.

Abin gwadawar shi ne jadawalin ciniki na mako-mako. Na Ingila yana shafin Official Charts, na Amurka kuma yana wurin mujallar Billboard, kuma duka biyun suna nuna makon da waƙa ta shiga, da matsayin da ta kai, da yawan makonnin da ta yi. A nan ne ake gane cewa ƙasa ma tana sauya lissafi, domin ɗaukar Hague ba ta isa kasuwar Amurka ba sai a 1986, ta hannun kamfanin EMI America, kuma a watan Mayu na shekarar ta zama ta ɗaya a can, wata huɗu bayan Ingila. Kada a ɗauki ranar shiga jadawali a matsayin ranar fitowa, saboda waƙa takan yi kwanaki ko makonni a shaguna kafin cinikinta ya kai a lissafa ta. Jadawali yana kafa iyaka ne kawai: ba zai yiwu waƙar ta fito bayan ranar da ta bayyana a cikinsa ba. Haka nan ba a haɗa ranar waƙar da ranar kundin da ta shiga, tunda kundinsu na farko, "Please", sai a Maris 1986 ya fito, lambar yabon Brit da waƙar ta ci kuwa ta 1987 ce.

Manhajojin sauraro irin su Spotify da YouTube su ne na ƙarshe da za a waiwaya. An sake fitar da "Please" da gyararren sauti a 2001 da kuma 2018, don haka ganin ɗaya daga cikin waɗannan shekaru a jikin waƙar ba abin mamaki ba ne. Akwai wata lamba mai gurabe 12 da ake kira ISRC, wadda ake ba kowace ɗauka, kuma gurabe biyu daga cikinta na shekara ne, amma shekarar da aka ba da lambar suke nunawa, ba dole ta zama shekarar da aka shiga situdiyo ba.

Duk abin da aka samu a zuba shi a littafi, layi ɗaya ga kowace fitowa: kwanan wata, ƙasa, kamfani, irin faifai, lambarsa, furodusa, sai gurbi na ƙarshe na inda aka ga hujjar. Idan wata da shekara kaɗai aka tabbatar, a tsaya a kansu, kada a cike rana da ka don layin ya yi kyau. A ganina gurbin hujja ya fi sauran muhimmanci, domin bayan wata shida ba mai iya tuna ko a jikin faifai ya ga lamba ko a bakin wani ya ji ta.

Wannan hanya tana aiki a kan waƙoƙinmu na gida, sai dai kayan aikin sun bambanta, kuma aikin ya fi wuya. Makaɗin fada kamar Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun yakan rera waƙa ɗaya a wurare da dama cikin shekaru masu yawa, yana ƙara ɗiyan waƙa yana ragewa gwargwadon wanda ke zaune a gabansa, kuma abin da ya iso gare mu wani daga rediyo aka naɗe shi, wani a wurin biki da rikoda, ba kamfani balle lamba. A irin wannan hali ana kafa iyakoki ne maimakon neman rana. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, YouTube kuwa a 2005 aka kafa shi, saboda haka duk shekarar da ke ƙarƙashin waƙarsa a can ta mai ɗorawa ce. Sai a saurari sunayen da ke cikin waƙar, a nemi shekarun da sarki ko hakimi ko gwamnan da aka ambata ya yi a kan mulki. Ambaton Jihar Arewa maso Yamma yana nuni zuwa tsakanin 1967 da 1976, ambaton naira yana nufin ba a yi ɗaukar kafin 1973 ba. Ambaton fam da sule shi kaɗai ba ya isa hujja, domin mutane sun daɗe suna lissafi da su bayan an sauya kuɗi.

Tsofaffin masu sayar da kaset da tsofaffin ma'aikatan rediyo sun san abin da babu shi a kowane shafi, amma tambayarsu shekara kai tsaye ba ta cika haifar da amsa mai amfani ba. Gara a ɗaura tambayar a jikin wani abin da ba a mantawa, a ce, "Baba, lokacin da wannan kaset ya fara shigowa shagonka, an ba mu jiha ko muna ƙarƙashin Sakkwato?" Amsar za ta ajiye kaset ɗin gaba ko bayan 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato. A rubuta ta a gurbin hujja a matsayin ruwayar baki, a kuma nemi mutum na biyu wanda bai ji amsar na farko ba.

Ga mawaƙan zamani masu fiyano, situdiyon da aka yi aikin shi ne wurin farawa, domin kwamfutarsu tana riƙe da ranar da aka buɗe aikin da ranar da aka kammala haɗa shi. Ranar da ke jikin fayil a waya ba abin dogaro ba ce, tunda takan sauya duk lokacin da aka tura ta Xender ko WhatsApp. A nemi sanarwar farko da mawaƙin ya yi a shafinsa, da ranar da ya ɗora waƙar a Audiomack ko YouTube da kansa, a ɗauki hoton allon a adana saboda ana goge irin waɗannan sanarwa. Idan waƙar ta ɓulla a wayoyin jama'a kafin mai ita ya sake ta, kamar yadda yakan faru da waƙoƙin siyasa da na biki, sai a ba ɓullar layinta daban, a rubuta a gefensa cewa ba daga hannun mawaƙin ta fito ba.