Yadda ake kula da ƙaramin dokin da aka haifa wada

Ƙaramin doki irin wanda ake kiwo a Amurka, ko Falabella na Ajantina, lafiyayye ne, ƙirarsa ta doki ce sak, tsawo kawai aka rage masa. Ƙungiyar masu ƙananan dawaki ta Amurka, AMHA, da aka kafa a 1978 ba ta yi wa wanda ya haura inci 34 rajista, ka ga ko kurun da muka sani a gida ya fi shi. Wada kuwa nakasa ce ta ƙashi da guringuntsi: goshi a ture, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, ƙafafu gajeru a karkace, ga tumbi. Yawanci gado ne ta ƙwayar halittar ACAN, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita. Thumbelina, goɗiyar da aka haifa a jihar Misuri ta Amurka a 2001 wadda ba ta kai inci 18 ba, wada ce, kuma hotunan irinta ne ke jan mutane su saya ba tare da sanin ɗawainiyar ba.

Fara da ɗora shi a kan sikeli. Ban yarda da igiyar awon ƙirji da ake ƙiyasta nauyi da ita ba, tumbin wada rikita ta yake yi. Sikelin raguna ya isa, ko na asibitin dabbobi. Rubuta nauyin a bangon barga, domin abinci da magani duk a kansa za ka riƙa lissafi.

Sai ciyarwa, kuma nan ne na sha kashi. Mu da muka tashi muna ganin dokin hawan Sallah, hannunmu ya saba da gero da dusa da kanwa. Manta da wannan. Busasshiyar ciyawa mai laushi ita ce abincinsa, kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa a wuni. In kilo 60 ne, giram 900 ke nan, a raba uku ko huɗu. Hatsi da ɗanyar ciyawar farkon damina su ke kawo ƙiba da kumburin cikin kofato.

To amma tumbi ba ƙiba ba ne. Goɗiyar da na fara riƙewa a wata gona a Amurka, na dube ta na ce ta yi teɓa, na zabge mata rabin abinci dare ɗaya. Kwana uku sai ta daina ci, ta tsaya a lungu kai a sunkuye, tana tsoma baki a bokiti ba ta sha. Na ce fushi take. Da likita ta ɗebi jininta ta ɗaga kwalbar, ruwan saman ya yi fari kamar an zuba madara. Ashe in ƙaramin doki ya ji yunwa, jikinsa kan kwaso kitse ya antaya cikin jini fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa, kuma yana kisa. Sai da ta kwana biyar ana ƙara mata ruwa, kuɗin ya ninka abin da aka saye ta. Tumbin nan dalilinsa kayan ciki ne a matse cikin gajeren jiki. Ka shafa haƙarƙari da wuya da gindin wutsiya, can kitse ke taruwa. In za ka rage abinci, kaɗan-kaɗan cikin makonni. In ya wuni ya kwana bai ci ba, kira likita, kada ka jira gobe.

Kofato a gyara shi duk mako uku zuwa huɗu, ɗan dukushi ma fiye da haka, tunda karkatacciyar ƙafa gefe guda take cinyewa. Nemi mai gyaran da ya yarda ya durƙusa, ba mai ɗaga ƙafar sama har ya murɗa gaɓa ba. Sayi magagari ka koyi gogawa tsakanin zuwansa, za ka rage kuɗi.

Haƙora a duba su sau biyu a shekara. Adadinsu ɗaya da na babban doki, baki kuwa ɗan mitsitsi. In ka ga dunƙulen ciyawa da ya tauna ya zubar, ko majina mai wari ta hanci ɗaya, lokaci ya yi.

Maganin tsutsa kada a ba shi da ka, musamman moxidectin, ɗan ƙari kaɗan na iya kwantar da shi. Ni sam ba na ɗaure wada a turke, shinge nake yi da raga mai ƙananan ido saboda karnuka. Kwanon abinci a ƙasa, shimfiɗa mai taushi, inuwa, domin da yawansu hanci a matse yake, zafi na sa su haki. Abokin zama ya zama ƙarami mai sanyin hali, ba babban doki ba, shuri ɗaya ya gama shi. Yaro ba ya hawa ko don hoto. Namiji a yi masa dandaƙa a hannun likita, mace a nisanta ta da ingarma.