Yadda za ki fitar da abincin Ƙaramar Sallah kafin a sauko daga Idi

Amaren da aka danƙa wa girkin Sallah na gidan surukai karon farko, akasarinsu sun iya girki, lokaci ne yake kayar da su. Maza sun dawo daga filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, yara suna ta zarya da kwanuka, ita kuwa sai a lokacin take fifita gawayi.

Ki fara da lissafin kwanukan da za su fita: na iyayen miji, na gidanku, na maƙwabta, da na almajiran da suka saba zuwa. Sannan ki ƙara mutanen gida. A kan wannan za ki auna shinkafa. Kuma kala biyu sun isa: waina da miyar taushe, sai dafa-duka saboda yara. Mai jera kala biyar, babu wanda yake yi mata daɗi.

Cefane ya ƙare tun azumi yana 26 ko 27. Shinkafa da mai a kasuwar Singa, kayan miya da kabewa a Yankaba da sassafe. Duk wadda ta bari sai jajibere za ta sayi tattasai da tsada, kuma ragowar zaɓe. Ki markaɗa kayan miya, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki zuba mai a sama, saboda wutar firij ba abin dogaro ba ce. Alayyahu kaɗai ake bari sai ranar ƙarshe.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne ƙullun waina, domin ranar 29 babu wanda ya san ko gobe Sallah. Ki jiƙa shinkafar tuwo da azahar ɗin ranar, amma kada ki kai niƙa sai kin ji sanarwar Sarkin Musulmi. Idan ba a ga wata ba, ki tsane ta a kwando, ki baza a faranti ta sha iska, gobe ki sake jiƙawa. Wadda ta riga ta niƙa, ƙullunta zai yi kwana biyu, tsami ya kashe shi.

Idan an gani, nan take ki tura yaro wajen mai inji, domin layi yakan kai tsakar dare. Ki ja masa kunne ya tsaya a wanke injin a gabansa. Ranar kowa markaɗen attarugu yake kawowa, in ba a wanke ba ƙullu zai dawo miki ja, ga yaji. Duk gwangwani uku da kika jiƙa, ki dafa ɗaya ya yi luguf, ya huce, a niƙa tare da albasa. Shi ne yake ba waina laushi. Kada a cika ruwa wajen niƙa, ƙarawa ana iya yi a gida.

Yis kuma ba da isha'i ake sa shi ba in garin da zafi. Ki sa wajen sha biyun dare, ki rufe, robar ta zama da sauran wuri, kada ki tashi ki tarar da rabinsa a ƙasa. Da asuba ki buga shi sosai, ki ɗanɗana. In da tsami, ɗan ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har ya daidaita. Sukari da gishiri sai yanzu. Sukarin kada ya yi yawa, don shi yake sa waina ta ƙone cikin bai dahu ba. Ni tandar ƙasa a kan gawayi na yarda da ita, kuma sabuwa ba ta da amfani ranar Sallah, gara ki aro tsohuwa da ta sha mai. Zubin farko yakan kama, kada ki tsorata.

Kaji a soya su tun dare, romon a ajiye wa miya. Taushe ta hau wuta kafin sallar asuba, gyaɗa ta dahu sosai, ganye sai za a sauke. Dafa-duka ki bar wa wata, mai suyar waina ba ta tashi daga gaban tanda. Zoɓo tun jiya, a sayo ƙanƙara.

Kular iyayen miji ita ce farkon fita, da cinyoyin kaza a sama. Ki ɓoye miya kula guda da naman da ba a taɓa ba, domin washegari dangin da suka shigo kallon Hawan Daushe a gidan za su yada zango.