Ƙa'idar daidaito ta Einstein: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Duk sanda jarrabawa ta matso, ɗalibai kan taru wurina a Samaru mu yi bitar fizis, kuma kullum kurakuran nan ne ke dawowa.

Na farko daga bakinmu ya samo asali. Mun saba cewa "maganaɗisun ƙasa", sai yaro ya ɗauka ƙasa na jan abu ne yadda maganaɗisu ke jan ƙusa. Ai maganaɗisu zaɓe yake yi, ya kama ƙarfe ya bar itace. Jan ƙasa ba ruwansa da zaɓe. Ƙa'idar ke nan: in ba iska, komai faɗuwa ɗaya yake yi, mai nauyi da marar nauyi. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

Sai masu cewa 'yan sama jannati na shawagi don babu jan ƙasa a can. Akwai shi! A nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, inda tashar sararin samaniyarsu ke zagayawa, ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke riƙe da mu a Tudun Wada. Faɗuwa suke yi tare da tasharsu, kuma mai faɗuwa ba ya jin nauyinsa, kamar yadda Einstein ya gane a 1907.

Wanda ya fi damuna shi ne na kwantam, wato fizis na ƙananan ƙwayoyi, inda ƙwaya ke tafiya kamar igiyar ruwa, don masu ƙoƙarin ne ke afka masa. A 1975 masana fizis Colella da Overhauser da Werner sun nuna cewa jan ƙasa na gusar da igiyar niyutron (wata ƙwaya da ke cikin ƙwayar zarra), kuma nauyin ƙwayar ya fito ɓaro-ɓaro a lissafin. Ɗalibi na ganin haka sai ya ce ƙa'ida ta rushe. A'a, ƙanena. Tsawon igiyar kansa ya dogara da nauyin, shi ya sa ka gan shi. Ka lissafo saurin faɗuwar ƙwayar daga nan, za ka tarar nauyin ya fice. A 2020, a jami'ar Stanford ta Amurka, an saki ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam iri biyu, 85 da 87, masu nauyi daban-daban, tare, faɗuwarsu ta zo ɗaya har zuwa kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan.

Kada kuma ka manta sharaɗin: a ɗan ƙaramin wuri da ɗan gajeren lokaci ƙa'idar ke aiki. Ka rubuta shi a amsarka, don yawanci nan ake zubar da maki.