Inda masu neman zama likitan cututtuka masu yaɗuwa ke yin tuntuɓe

Da yawa suna zaton da an kammala shekara 6 na karatun likita, sai a zarce kai tsaye. Ba haka ba ne. Akwai shekarar koyon aiki a asibiti, akwai bautar ƙasa, sannan a ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma. Daga nan za ka shiga sashen cututtukan manya ko na yara, sai ka haye jarrabawar mataki na ɗaya kafin ka karkata zuwa wannan fanni. Masu jinkirta jarrabawar share fagen har su nutse a aikin asibitin kuɗi su ne suka fi cizon yatsa. Rubuta ta tun karatun bai huce ba.

Babban kuskuren dai a gaban majinyaci ake yin sa. Mutum ya zo da zazzaɓi, an ba shi maganin maleriya sau biyu bai sauka ba, sai a yi gwajin Widal, a ce taifot, a ɗora masa allurai. Gwajin nan shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ka ɗebi jinin da za a shuka a ɗakin gwaji kafin allurar farko, domin in maganin ya riga ya shiga jiki, da wuya ƙwayar ta tsiro. Kuma ka ja kujera ka zauna. "Baba, ina ka je kwanan nan? Akwai ɓeraye a rumbu? Wa ya rasu a gidan?" Wani lokaci a nan zazzaɓin Lassa ke fitowa fili, ba a takardar gwaji ba.

Sai sakaci da kai. Safar hannu da wanke hannu ba na ranar annoba kaɗai ba ne. A 2014 Ebola ta ci ran Dakta Stella Adadevoh a Legas, ita da ta hana mai cutar ficewa daga asibiti.

Kundin bincike na matakin ƙarshe kuwa, wato matakin da ke biye da jarrabawar mataki na ɗaya, kada ka bar shi sai ƙurarren lokaci. Zaɓi abin da ke gabanka kullum, tarin fuka ne, sanƙarau ne ko mashaƙo, ka fara tara bayanai tun shekararka ta farko a matakin.