Salatin dankali da kifin ton na gwangwani: inda aka fi ɓata shi

Ranar da na fara yin wannan salati, ƙanwar maigidana ta leƙa kwanon ta ce, "Yaya, fate kika yi mana?" Ba ta yi ƙarya ba. Na fere dankalin, na yanka shi ƙanana, na bar shi a wuta kamar mai dafa pompitar, wato dankalin turawa, sai ya narke.

Dankalin Hausa ba ya jimirin wuta, kuma nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Ki wanke shi, ki dafa shi ɗungurungum da ɓawonsa. Matsakaici minti 20 zuwa 25 ya ishe shi. Ki soka wuƙa, in ta shiga cikin sauƙi bai dare ba, to ya yi. Tsame shi nan take, don in ya zauna cikin ruwan zafi nuna zai ci gaba da yi. Sai ya huce sarai za ki ɓare ki yanka. In kika haɗa shi da kifi yana tururi, cokali biyu kawai za ki juya ya zama tuwo.

A kasuwa, in kin samu mai jan ciki, shi za ki ɗauka, shi ne ke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wanda ƙwaro ya huda kuwa ki bar wa mai shi, ɗacinsa yana bin kwano duka.

Kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa. Wasu su juye shi da mansa, su ƙara gishiri, su marmasa magi biyu, sannan su yi mamakin ƙishirwa. Ki tsiyaye man ko ruwan tukuna, ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa kada ma ki buɗe shi.

Sai mayonez, wanda ni dai ban ga abin da yake yi a nan ba. Dankali da zaƙinsa, abin da yake nema tsami ne da ɗan yaji. Rabin kwalba da ake zubawa yana danne ɗanɗanon, ya kuma mayar da abinci mai sauƙi ya yi nauyi a ciki. Ga dankali uku da gwangwani ɗaya, lemun tsami biyu da man gyaɗa cokali biyu sun wadatar. A garin gyaɗa irin Maradi, ai ko garin ƙuli-ƙuli kika barbaɗa ya zama kwaɗo sosai, musamman in da dafaffen zogale a ciki. Albasar Galmi tana da kaifi, ki jiƙa ta a ruwa minti 10 bayan kin yanka.

Ganyen salati da tumatir, ko daga lambun Jiratawa aka tsinko su da safe, sai an wanke su da ruwa mai tsabta, a tsane. Su ne na ƙarshe, dab da ci.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, abinci mai kifi kada ya wuce awa ɗaya a waje. Firigo ma ba abin dogaro ba ne in wuta ta ɗauke da rana. Ni yanzu dankalin kaɗai nake dafawa tun da hantsi, gwangwanin kuwa sai na ji sallamar yara daga makaranta nake buɗe shi.