Yadda Ake Amfani da Jakar Toshe Sabis Domin Kare Waya daga Bibiya

Duk wayar da ke kunne tana sanar da ƙarfen sabis mafi kusa da ita cewa ga ta nan, ko ana kira ko ba a yi, domin ta haka ne kamfanin sadarwa yake sanin inda zai aiko da kira. Tana gabatar da shaidar layin da ke cikinta, tare da lambar shaidar ita kanta wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15, wadda za ka gani idan ka danna *#06#. A Najeriya kuwa, tun da aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disambar 2020, wannan bayani yana rataye ne da sunan mutum. Jakar toshe sabis tana yanke wannan hulɗa. Ana yi mata shafi da yadin da aka shafe da jan ƙarfe da nikel ko azurfa, bisa abin da masanin kimiyyar Ingila Michael Faraday ya nuna a 1836, cewa wurin da ƙarfe ya kewaye ta kowane ɓangare yana samun kariya daga tasirin lantarkin waje. Masu binciken laifuka ma a irinta suke ajiye wayar da suka kama, don kada a goge abin da ke ciki daga nesa.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Ka nemi wadda ta fi wayarka girma kaɗan, mai shafi biyu, wadda ake naɗe bakinta kafin a manne shi. Ka lura cewa da yawa daga cikinsu aljihu biyu gare su, kuma ɗaya ne kawai yake da shafin ƙarfe.

Mataki na biyu shi ne gwaji, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin, domin abin da aka rubuta a jikin kwali ba hujja ba ne. Ka tsaya a wurin da sabis ya cika, kusa da ƙarfen sabis idan da hali, saboda jakar da ta yi aiki a ƙuryar ɗaki mai raunin sabis tana iya kasawa a fili. Ka ƙure ƙarar wayar, ka sa ta a ciki, ka rufe, ka jira kamar minti ɗaya, sannan ka kira ta da wata wayar. Idan ka ji an ce lambar ba ta samuwa, ta ci gwajin farko. Bayan haka ka haɗa ta da Wi-Fi, ka tsaya dab da na'urar da ke bayar da shi, ka kira ta ta WhatsApp. Daga ƙarshe ka kunna karatu ko wani sauti ta abin sauraro na Bluetooth, ka rufe wayar a jaka, ka saurara: ya kamata sautin ya yanke cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Dalilin yin gwaji uku shi ne kowace hanya da zangon da take bi, kuma ƙaramar kafar da ta hana wani zango wucewa tana iya barin wani. Ka riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci, domin shafin yana suɗewa a wurin naɗi ba tare da ido ya gani ba.

Mataki na uku shi ne yadda ake saka wayar. Ka cire igiyar caji da ta sauraro, domin duk igiyar da ta leƙo waje ta zama eriya. Ka kashe wayar ko ka sa ta a yanayin jirgin sama kafin ka rufe, in ba haka ba za ta yi ta lalube neman sabis da dukkan ƙarfinta, ta ɗauki zafi, caji ya zube. Mai tambaya zai ce, to idan an kashe waya mene ne amfanin jaka? Amsar ita ce, tun fitowar iOS 15, wato zubin babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone, a 2021, yawancin wayoyin iPhone daga samfurin 11 zuwa sama suna ci gaba da fitar da ƙaramar alamar Bluetooth bayan an kashe su, domin a iya gano su idan sun ɓace. Yanayin jirgin sama shi ma yakan bar Bluetooth ko Wi-Fi a kunne a wayoyi da dama.

Lokacin sakawa yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗan jaridar da zai gana da majiyarsa, idan ya bari sai ya isa ƙofar gidan sannan ya rufe wayar, to ya riga ya bar sawu, domin wurin ƙarshe da aka ga wayar shi ne unguwar da ya je. Tun daga gida ake rufewa, kuma ba a buɗewa sai an dawo ko an yi nisa da wurin.

Sai dai jakar ba ta toshe kunnen waya. Idan an dasa manhajar leƙen asiri, makirfo zai iya naɗar maganar da ake yi a kusa, ya aika da ita da zarar sabis ya dawo, saboda haka a wurin magana mai nauyi gara a bar wayar a wani ɗakin. An ruwaito cewa Edward Snowden, Ba'amurken da ya fallasa sirrin leƙen asirin gwamnatin ƙasarsa, ya sa lauyoyinsa su ajiye wayoyinsu a firiji a Hong Kong a 2013, amma kada ka dogara da firijin gidanka, domin bakin ƙofarsa roba ce, kuma sau da yawa kira yana shiga. Wanda bai samu jaka ba yana iya naɗe wayar da takardar alminiyam ninki uku ko huɗu, ya yi mata gwajin nan guda uku.

Mataki na ƙarshe yana cikin saitin wayar, tunda yawancin yini a waje take. Ka shiga sashen izinin manhajoji, ka janye izinin sanin wuri daga duk wadda ba ta buƙatarsa, kamar tocila da wasanni, sauran kuma ka bar musu izini a lokacin amfani kawai. Ka goge lambar talla a Android, wato lambar da masu talla suke bibiyar waya da ita, ka kashe binciken Wi-Fi da Bluetooth da ke gudana a ɓoye. Kafin ka rufe wayar na tsawon sa'o'i kuma, ka sanar da iyalinka wata hanyar da za a same ka, domin kiran gaggawa ma ba zai shigo ba.